Kyaftin Clapperton a Ƙofar Konya: Yadda Ya Kamata Mu Auna Shaidar Baƙo a Kan Gobir

  Mutumin da za mu tattauna a kansa yau bai taɓa ganin wannan gari na Sabon Birni ba, domin ya riga mu gidan gaskiya fiye da shekara talatin kafin Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Duk da haka ya taka ƙasar nan, ya sha ƙishirwa a Dajin Gundumi, ya kuma tsaya yana kallon dakarun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suna afka wa ganuwar Gobirawa a Konya. Abin da ya gani ya rubuta, an buga shi a Landan, kuma har yau duk mai nazarin tarihin Gobir bayan faɗuwar Alƙalawa sai ya bi ta kan littafinsa. Sunansa Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila. A ƙasar Hausa da Barno kuwa da sunan Abdullahi aka san shi, domin shi ne sunan da ya ɗauka a hanya.

An haife shi a watan Mayu na 1788 a Annan, wani ƙaramin gari a kudancin Sikotilan. Ubansa likita ne mai tarin 'ya'ya, saboda haka yaron bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 13 ya shiga jirgin 'yan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Libaful da Amurka ta Arewa, daga nan ya faɗa rundunar sojan ruwa a lokacin da Ingila ke tsakiyar yaƙi da Faransa. Ya yi aiki a tekun Indiya, yana cikin waɗanda suka ƙwace tsibirin Morishiyos daga hannun Faransawa a 1810. A 1814 aka tura shi manyan tafkunan Kanada, inda Ingila ke yaƙi da Amurka, can ya sami muƙamin laftana. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, Ingila ta wayi gari da ɗaruruwan hafsoshi waɗanda ba ta da jiragen da za ta ba su, sai aka mayar da su gida kan rabin albashi, shi ma ya koma a 1817. Irin waɗannan mutane ne John Barrow, babban jami'i a ma'aikatar sojan ruwa, ya riƙa neman a tura binciken ƙasashe, wasu zuwa ƙanƙarar arewacin duniya, wasu zuwa neman inda Kogin Kwara yake faɗawa. Ina so a riƙe wannan tarbiyya tasa da kyau, domin ita ce mabuɗin duk abin da zan faɗa. Mutum ne da ya girma a kan jirgi, inda ake rubuta yanayin iska da nisan tafiya kowace rana, inda ake ƙidaya bindiga da ganga da buhu, inda kuma umarnin babba ba ya jiran shawara.

Tafiyarsa ta farko ta taso daga Tarabulus a 1822, tare da Dakta Walter Oudney da Manjo Dixon Denham. Suka keta hamada ta Murzuk, suka isa Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi a watan Fabrairu na 1823. Zaman Denham da Clapperton bai yi daɗi ba ko kaɗan, har Denham ya ƙulla masa wani mummunan ƙazafi a wasiƙunsa zuwa Tarabulus, ƙazafin da aka bincika ba a sami hujjarsa ba. A ƙarshen shekarar Clapperton da Oudney suka nufo ƙasar Hausa. Oudney ya mutu kusa da Katagum a Janairu na 1824, Clapperton ya shiga Kano shi kaɗai a cikin watan, sannan ya isa Sakkwato a tsakiyar Maris. Kafin ya isa sai da Bello ya aiko da mahaya su yi masa rakiya ta Gundumi, aka yi tafiyar dare da rana ba tare da ruwa ba, kowa yana waige don tsoron harin Gobirawa da Zamfarawa. Wannan shi ne farkon sanin da ya yi wa Gobir: suna ne da ake ambata cikin fargaba a bakin masu yi masa rakiya. A Sakkwato ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya zauna kusan mako bakwai. Bello ya burge shi ƙwarai. Ya tambaye shi game da ƙungiyoyin Kiristoci na dā har ya rasa amsa, ya tambaye shi yaƙin Girkawa da Turkawa, da ruwan wutar da jiragen Ingila suka yi wa birnin Aljaza'ir a 1816, da kuma yadda Ingilishi suka mallake Indiya. Ya koma gida da wasiƙar Bello zuwa ga Sarki Joji na Huɗu, da taswirar ƙasa, da wani yanki na littafin Infaƙul Maisuri.

Suna biyu ne suka biyo bayan mutumin nan. A Ingila an ɗauke shi jarumin da ya ba da ransa don ilimi da yaƙi da cinikin bayi, wanda wani sarki ya yaudara har baƙin ciki ya kashe shi. A wurinmu kuwa, idan an tuna da shi ma, ɗan leƙen asiri ne da ya share wa Lugga hanya. Ra'ayina shi ne sunayen nan biyu duk sun hana mu cin moriyarsa. Abin da ya fi dacewa mu ɗauke shi shi ne mai ba da shaida, mu yi masa abin da alƙalin kirki yake yi wa mai shaida: a tambaye shi ina yake tsaye lokacin da abin ya faru, me ya gani da idonsa, me aka gaya masa, wa ya gaya masa, sannan wane ma'auni ya ɗauko da ya zo yanke hukunci. Idan aka rarrabe waɗannan, za a ga shaidarsa tana da ƙarfi matuƙa a wuri ɗaya, tana da rauni matuƙa a wani wurin, kuma tarbiyyar jirgin ruwa ce ta haifi ƙarfin da raunin baki ɗaya.

Ƙarfin yana wurin abin da ake aunawa da abin da ake ƙidayawa. Yana ɗauke da na'urar auna tsayin rana da taurari irin ta matuƙan jirgi, da ita ya sanya Kano da Sakkwato a taswirar Turai kusa da inda suke a zahiri, alhali kafin shi ana ta cankar wurarensu ne daga labaran fatake. Ya kiyasta mutanen Kano tsakanin 30,000 da 40,000, ya ce fiye da rabi bayi ne. Ya bayyana kasuwar birnin rumfa-rumfa, da aikin sarkin kasuwa, da yadda ake ƙidayar wuri, da yadda ake mayar da kaya idan an sami algus, har da laimar Ingila da ya tarar ana sayarwa ya saya, wadda ta ratso hamada kafin shi. Irin wannan bayani malamanmu ba su rubuta shi ba, domin mai gida ba ya zama ya rubuta abin da kowa a gidan ya sani. Baƙo ne yake mamakin farashin gishiri. A nan gani ya kori ji, kuma ban ga dalilin da zai sa mu ƙi karɓa ba.

Yanzu mu zo Konya. Bayan an ƙara masa girma zuwa kwamanda, ya dawo ta teku a jirgin yaƙi mai suna Brazen, ya sauka Badagiri, ya tashi daga can a Disamba na 1825, ya ratsa ƙasar Oyo da Bargu, ya ƙetare Kwara kusa da Busa, ya bi ta Nupe da Zazzau ya isa Kano a Yuli na 1826. A watan Oktoba ya iske Bello a sansani, ana shirin afka wa Konya, inda Gobirawa suka kafa mazauninsu zamanin Sarkin Gobir Ali. Ya kiyasta rundunar da 50,000 zuwa 60,000, dakarun manyan garuruwan daula kowane sarki da tutarsa. Ya ga yadda aka kewaye garin, mahaya suka tsaya nesa da inda kibiya ke kaiwa, mayaƙan ƙasa suka riƙa matsawa su harba su ja da baya, 'yan bindiga kaɗan ne a cikin wannan taro duka. Ya ga 'yan lifida sun doshi ganuwa, wani ɗan bindiga guda daga cikin gari ya kayar da na gabansu. Ya ga Gobirawa suna harbi cikin natsuwa, ba sa ɓarnar kibiya. Wadda ya fi yaba wa a ranar ita ce wata tsohuwa Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, wadda ta hau doki da goruna a rataye tana bin masu rauni da masu ƙishirwa tana shayar da su, har shi ma ya sha daga hannunta. Da dare aka yi ihun cewa Gobirawa sun fito, sansani ya rikice, mutane da dabbobi suka riƙa tattake juna, kashegari runduna ta juya ba ta ci garin ba.

Duk wannan abin da ido ya gani ne, kuma na yarda da shi. Inda na rabu da shi shi ne hukuncin da ya yanke, domin ya kwatanta yaƙin a matsayin wasan yara, ya jingina sakamakon ga ragwancin maharan. A nan ma'aunin da ya ɗauko ya ci amanarsa. Shi ya saba da yaƙin da igwa take rushe bango cikin yini guda, sannan sojan da ake biya albashi ya kutsa ta ɓarakar ko da rabinsu za su mutu. Rundunar Bello kuwa manoma ne da makiyaya da bayi da aka tara bayan damina, kowa da guzurinsa, kowa da gonar da ke jiran girbi ko sussuka. Ba su da igwar da za ta fasa ganuwa, a gabansu kuma akwai ganuwa da maharba masu kibiya mai dafi. Sarkin da ya tura irin waɗannan mutane su hau bango ya ƙarar da su a yini ɗaya, da wa zai fita yaƙi baɗi? Yaƙin rani a ƙasar nan yana da nasa lissafi: a cinye amfanin gonar abokin gaba, a kore masa dabbobi, a tsorata ƙauyukan da ke kai masa hatsi, a nuna wa masu tunanin bin sa cewa Sarkin Musulmi yana iya tara duniya a ƙofarsa. Wani abin kuma da raininsa ya rufe masa ido a kai shi ne mutanen cikin ganuwar. Idan dubun dubatar mayaƙa suka kewaye gari suka tashi ba su ci shi ba, ai akwai waɗanda suka hana su. Shekara 18 ke nan da faɗuwar Alƙalawa da mutuwar Sarkin Gobir Yunfa a 1808, amma ga Gobirawa suna da sarki, suna da birni, suna da maharban da suka mayar da rundunar daula gida. Clapperton ya rubuta wannan ba tare da ya gane nauyinsa ba, kuma hakan ne ya ƙara wa shaidar daraja, domin shaidar da ta fito daga bakin baƙon abokin gabarka ta fi wadda ɗan'uwanka ya bayar ƙarfi a gaban alƙali.

Akwai kalma guda a rubutunsa da take nuna inda yake tsaye. Yana kiran Gobirawa da Zamfarawan da suka ƙi miƙa wuya da sunan 'yan tawaye, har ya yi ƙoƙarin rubuta kalmar Hausar da haruffan Ingilishi. Daga ina ya samo ta? Daga gidan Waziri, daga sansanin Bello, daga bakin Larabawan da ke zaune a Sakkwato. Bai taɓa shiga garin Gobirawa ba, bai taɓa zama gaban Sarkin Gobir ba, bai ji yadda mutanen Konya suke kiran kansu ko kiran waɗanda suka kewaye su ba. A idon Sakkwato, wanda ya yi mubaya'a ya warware ɗan tawaye ne, kuma suna da hujjojinsu na shari'a da suka rubuta. A idon jikokin Bawa Jan Gwarzo, su ne masu ƙasa da ake nema a raba da gadonsu. Ba aikina ba ne yau in raba wannan gardama, musamman a gari irin wannan da jinin ɓangarorin biyu ya daɗe da gauraya. Abin da nake cewa shi ne kalmar ta ɓangare ɗaya ce, ta shiga littafin Bature, daga nan ta shiga littattafan da suka kwafa daga gare shi, har ta koma kamar hukuncin wanda ba ruwansa. Tarihin da ya biyo baya ma ya nuna al'amarin ya wuce a tattara shi a kalma ɗaya. A Gawakuke a 1836 Bello ya yi babbar nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka faɗi a fagen fama. Duk da haka Mayaƙi ya kafa Tsibiri, sarautar ta ci gaba a can. Isa ta zama ribaɗi a hannun Aliyu Ƙarami ɗan Bello, sannan a shekarun 1860 Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato. Yau ga Sarkin Gobir a Isa, ga Sarkin Gobir a Sabon Birni, ga kuma na Tsibiri a ƙetaren iyaka.

Na san akwai mai cewa duk wannan rarrabewa ɓata lokaci ne, tunda mutumin ɗan leƙen asiri ne, kuma ranar 15 ga Maris 1903, da dakarun Lugga suka ci Sakkwato, ta tabbatar da haka. Wannan magana ba a yi mata dariya. Gwamnati ce ta aiko shi, Lord Bathurst sakataren mulkin mallaka ne ya ba shi umarni, ya ƙidaya bindigogi ya auna ganuwa, kuma ilimin da ya tara ya shiga ma'ajiyar ƙasar da daga baya ta ci Sakkwato. Tun a zamaninsa ma ana ta faɗin cewa haka Ingilishi suka fara a Indiya, da 'yan kasuwa ɗaya-biyu, kuma fataken hamada da ke tsoron kasuwa ta koma teku sun taimaka wurin yaɗa zancen. Bello yana da wani dalilin na kansa: Denham ya bi wani hari da Larabawa da mutanen Barno suka kai wa garin Fulani a yankin Mandara a 1823, aka fatattake su, littattafansa suka faɗo hannun Bello, shi kuwa ya mayar wa Clapperton da su yana tambayar me ya kai abokinsa can. To amma shekara 76 ce tsakanin mutuwar Clapperton da zuwan dakarun Lugga, kuma Ingilar 1826 ba ta da niyya ko ƙarfin mallakar ƙasar da Turawa ke mutuwa a cikinta kamar ƙudaje. Abin da aka aiko shi nema a bayyane yake: hanyar ciniki ta teku, wakili da likita a ƙasar Bello, hana fitar da bayi, da sanin bakin Kwara. Bai ɓoye sunan ƙasarsa ba, bai ɓoye addininsa ba, a fili yake auna rana har yana nuna wa Bello yadda na'urar take aiki. Kuma ko da mun yarda ɗan leƙen asiri ne, wannan ba ya rushe shaidarsa a kan abin da ya ƙidaya, domin mai leƙen asiri ya fi kowa buƙatar lissafinsa ya zama daidai.

Inda nake ganin sunan da Turawa suka ba shi ya fi zaluntar gaskiya shi ne saɓaninsa da Bello. Ya dawo da kyaututtuka masu daraja, ciki har da littattafan Larabci irin su lissafin Iƙlidis da likitancin Ibn Sina, kuma Bello ya yi murna da su, ya ce yana da kwafin Iƙlidis da gobara ta cinye. Amma duniyar da ya bari a 1824 ta sauya. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Barno da Sakkwato, a farkon 1827 Shehu al-Kanemi ya doshi Kano da runduna har sai da Yakubun Bauchi ya tare shi. A cikin wannan hali Clapperton ya nace sai ya wuce Kukawa da wasiƙa da kyautar da ta haɗa da makamai. Bello ya sa aka taho da yaron Clapperton, Richard Lander, da kayan daga Kano, aka karɓe wasiƙar da makaman, aka ce masa ya zaɓi wata hanyar komawa gida ban da ta Barno. Clapperton ya fusata, ya kira abin fashi da cin amana, kuma da wannan fushi labarin ya isa Ingila. Ina roƙon jama'a su tuna wane ne mai wannan fushi. Hafsa ne na rundunar da ta shafe shekaru tana tare jiragen ƙasashen da ba ruwansu da yaƙi, tana bincike, tana ƙwace duk kayan da za su amfani Faransa. Wannan tare jirage yana cikin dalilan yaƙin 1812 da Amurka, yaƙin da ya kai shi Kanada. Da wani baƙo ya zo Landan a 1810 ya ce a ba shi hanya ya kai wa Napoliyon bindigogi, Clapperton ya san amsar da za a ba shi. Bello ya yi abin da kowane shugaba mai hankali zai yi, ya kuma yi shi ba tare da ya ɗaure baƙon ko ya hana shi abinci ba. Shi ma Clapperton yana da uzurinsa: an ba shi amanar wasiƙar sarkinsa, a tarbiyyarsa kuma miƙa ta ga wani abin kunya ne. Ga shi ya riga ya zo da ɗacin rai, domin ya isa gaɓar teku bai tarar da manzannin da Bello ya yi alkawarin aikowa ba, garuruwan Raka da Funda da aka ce masa suna bakin teku kuma ashe suna can cikin ƙasa. Uzuri ne da ke sa a tausaya masa, amma bai mayar da Bello mayaudari ba.

Rasuwarsa ba ta buƙatar dogon bayani. Zazzaɓi da atuni suka kwantar da shi makonni, ya cika a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827 yana da shekara 38, Lander ya binne shi a wani ƙauye da ke bayan gari. Masu raɗe-raɗin guba su dubi abokan tafiyarsa: Oudney ya mutu a tafiyar farko, Kyaftin Pearce da Dakta Morison sun mutu cikin makonnin farko bayan barin Badagiri, tun ba su ga ƙasar Bello ba. Sai a 1854, da Dakta Baikie ya shiga Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum ya fito ba wanda ya mutu, Turawa suka sami maganin abin da ke kashe su.

Wata hujjar da ta fi ta leƙen asiri nauyi a wurina ita ce ta masu cewa muna da namu marubuta. Ga Infaƙul Maisuri na Bello, ga Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu, ga rubuce-rubucen Waziri Giɗaɗo, me za mu yi da littafin wanda Hausarsa da Larabcinsa ba su taka kara sun karya ba? Lallai waɗannan su ne tushe, kuma wanda ya karanta Clapperton bai karanta su ba ya fara gini daga rufi. Sun san dalilan jihadi, sun san mutane da nasabarsu, sun san abin da ake faɗa bayan baƙo ya fita. Sai dai dukansu daga ɓangare ɗaya suke, kuma marubucin da ke kafa hujjar daula ba ya tsayawa ya bayyana daren da sansani ya watse don ihu. Gobirawan wancan zamani ba su bar mana littattafai irin waɗannan ba. Nasu tarihin yana bakin makaɗan fada da maroƙa da tsofaffi, yana cikin kirarin sarakuna da sunayen kufai. Saboda haka mai neman tarihin Gobir tsakanin 1808 da 1836 yana da shaidu uku: malamin Sakkwato da ya san ciki amma yana da ɓangare, baƙon da ya ga waje da kyau amma bai fahimci ciki ba, da bakin mutanen ƙasa da ya riƙe abin da waɗancan biyu suka bari, ko da yake shekaru suna cakuɗe masa. Na ukun nan shi ne yake hannun mutanen da ke zaune a wannan zaure, shi ne kuma kaɗai yake raguwa duk lokacin da aka yi jana'izar wani dattijo a Sabon Birni ko Isa ko Tsibiri.

Saura batun bayi, wanda shi ne abin da masu yabonsa suka fi riƙewa. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, jiragenta suka riƙa sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma suna kama jiragen bayi suna sauke mutanen a Saliyo, ko da yake bautar kanta ta ci gaba a ƙasashen da take mallaka har dokar 1833. Na yarda Clapperton yana ƙin cinikin da zuciya ɗaya, Bello kuma ya amsa a wasiƙarsa cewa zai hana fitar da bayi ta teku, abin da ya dace da damuwarsa ta kada a sayar da Musulmi ga Nasara. Amma mafi kyawun shaida a kan wannan al'amari yana cikin ayarin Clapperton kansa, kuma Bagobiri ne. Sunansa Abubakar, Turawa suna kiransa William Pasko. An kama shi a yaƙe-yaƙen ƙasar nan, aka sayar da shi hannu zuwa hannu ta Gwanja da ƙasar Asante har bakin teku, aka loda shi a jirgin Fotigis, jirgin yaƙin Ingila ya tare su ya 'yantar da shi, shi kuma ya shiga aikin sojan ruwa. Shi aka ɗauka tafinta a tafiya ta biyu. Littattafan Clapperton da Lander sun fi ambatonsa wurin gudu da ɗauke kaya da yawan aure-aure, ba wanda ya zauna ya tambaye shi yadda yake ji da ya dawo ƙasar da aka kama shi, a matsayin baran baƙon sarkin da ke yaƙar danginsa. A 1830, lokacin da Richard Lander da ƙanensa John suka bi Kwara daga Busa har teku suka warware tambayar da ta ci ran Mungo Park da Clapperton, Abubakar yana cikin kwalekwalen. A watan Oktoban 1826 kuwa, ranar da maigidansa yake tsaye a gaban ganuwar Konya yana rubuta abin da ya ɗauka wasan yara ne, Bagobiri ɗaya tilo da ke cikin ayarin an bar shi a Kano yana gadin kaya.